Numfashin Kyalla

A layinsu babu mai kiranta da sunan yanka. Goggo Wa-ya-ce ake ce mata, da farko a bayan idonta, daga baya har a gabanta, ita kuma ko a jikinta, don a ganinta tambaya ce da ya kamata kowane mai hankali ya riƙa yi. Ka ce mata dusa ta yi tsada a kasuwa, sai ta ce wa ya ce. Ka ce mata hadari ya haɗo, sai ta fito ta duba da idonta. Wata rana maƙwabciyarta ta shigo da murna ta ce 'yarta ta sauka lafiya, an samu namiji. Goggo ta ɗago daga kan bokitin da take wankewa ta ce, "Wa ya ce?" Maƙwabciyar ta ce ai ita ta karɓi haihuwar da hannunta. Goggo ta ce to madalla, za ta shigo ta gani.

A yi mata adalci, ba da wannan hali aka haife ta ba, aiki ne ya koya mata. Tana budurwa ta yi aikin awo a wani shago da ake karɓar madara daga hannun masu shanu. A nan ta ga abin da ya ishe ta: madarar da aka tsinka da ruwa, da wadda aka kaɗa wa gari don ta yi kauri, da ta jiya da aka lallaɓa aka haɗa da ta yau. Mutumin da zai gaishe ta da fara'a har kunne, ya tambayi jikin mahaifiyarta, shi ne za ta ɗiga madararsa a kan farcen babban yatsa ta ga ta zurare nan take. Tun daga lokacin ta yanke wa kanta hukunci cewa baki yana ƙarya, amma hanci da ido ba sa yi. Abin da ya ƙara lalata lamarin shi ne, mafi yawan lokuta zargin nata gaskiya yake fitowa, saboda haka babu wanda ya samu bakin yi mata faɗa.

Ba ta daɗe da aure ba mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata ƙaramin ƙane da ko wando bai iya sa wa kansa ba. Ta ɗauke shi ta kai shi gidan mijinta, direban babbar mota, ta raine shi tare da 'yarta tilo. Auta take ce masa, shi kuma yana ce mata Yaya. Da mijin ya rasu, da abin da ya bari ta sayi saniyarta ta farko, irin manyan nan masu baƙi da fari da ake kiwo don madara. A hankali suka zama huɗu. Ta sa aka yi musu rumfar kwano a bayan gida, da daɓen siminti mai magudana, da kwamin abinci dogo, da famfo a kusurwa. Daɓen nan ya fi tsakar ɗakin wasu tsabta.

Shanu sun zauna, mutane ne ba su zauna ba. Duk ma'aikacin da ta ɗauka, kafin wata ya zagayo ya tattara nasa ya nasa. Ɗaya ta ce yana shan madara a tsaye kafin ya kawo bokiti, wani ta ce idonsa bai kwanta mata ba, shi ke nan laifinsa. 'Yarta ta koma gaisuwa ta waya tun ranar da aka tambayi mijinta ko ya ga wata igiya da ta ɓata bayan zuwansa. Igiyar dai a ƙarƙashin buhun dusa aka same ta, amma surukin bai sake taka gidan ba.

Mutum ɗaya ya rage mata, Auta. Yanzu ya zama magidanci har da furfura a gemu, yana da garejin fentin mota da mata da 'ya'ya. Tunda sanyin ƙashi ya lanƙwashe wa Goggo yatsu ta kasa matse nono yadda ya kamata, shi ne yake zuwa kullum da sassafe a kan babur ya tatse shanun, ya auna musu abinci, sannan ya wuce aikinsa. Da yamma ya sake biyowa. Bai taɓa karɓar komai ba, bai kuma taɓa fashi ba. Idan tana mita ya yi dariya, idan ta ƙirga bokitai a gabansa ya taya ta ƙirgawa. Tana sonsa fiye da kowa a duniya, ko da yake da za ka faɗa mata haka cewa za ta yi wa ya ce. Gaskiyar magana, ranar da Auta ya daina zuwa, ƙofar gidan nan ba za ta sake jin hannun kowa ba sai na mai karɓar madara.

A cikin shanun akwai Kyalla, mai farin tabo a goshi, wadda ta fi sauran madara nesa ba kusa ba. Goggo a gabanta aka haife ta, ita ta goge mata majinar hanci. Da cikin Kyalla ya tsufa aka daina tatsarta don ta huta kafin haihuwa. A cikin kwanakin ne wata safiya Goggo ta lura Auta ya cika kwanon awo da dusa, sannan ya karkata shi ya mayar da kusan rabi cikin buhu.

Ta ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Likitar da ta zo allura ce ta ce a rage mata. Ta ce ƙiba ta fara yi mata yawa, kuma ba a son mai ciki ta yi kitse."

"Wa ya ce?"

"Likita mana, Yaya. Kina ciki kina neman takardar allura lokacin da ta faɗa."

"Ni ban ji ba."

Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. A ina aka taɓa jin an rage wa mai ciki abinci? Ita da ta yi ciki an ce ta ci, kowace mace da ta sani an ce ta ci. Kuma me ya sa likitar ba ta faɗa ba sai da ta ga ta shiga ɗaki? Sai ta tuna matar Auta tana kiwon kaji, kaji kuwa ba sa ƙin dusa. Ba ta ce masa uffan ba, don ba ta son ɓacin ransa. Ta dai samo nata maganin. Kullum idan rana ta take, gidan ya yi shiru, sai ta ja buhu ta cika wa Kyalla kwami da dusa da niƙaƙƙiyar masara, ta tsaya a kanta tana shafa wuyanta har ta lashe. "Ci abinki," take ce mata, "ina raye babu mai horar da ke da yunwa."

Kyalla ta ci ta yi ɓul-ɓul. Ƙasusuwan ƙugunta suka nutse, gindin wutsiya ya yi ninki, bayanta ya baje har ana iya ajiye faranti a kai. Auta ya riƙa tsayawa yana riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ina rage mata, tana ƙara cika."

Goggo ta ce, "Ikon Allah kam."

Ana cikin haka wata yamma ya zo tare da abokinsa na ƙuruciya, wani mahauci mai barkwanci, wanda ya rage masa hanya don babur ɗinsa ya lalace. Mahaucin ya leƙa rumfa, ya ga Kyalla, ya daki cinyarta da tafin hannu ya ce, "Goggo, wannan ai ba ta madara ba ce, tawa ce. Duk ranar da kika gaji da ita ki aiko." Aka yi dariya, har da Auta. A hanyar fita Auta ya sake kawo maganar da ya saba, cewa ya kamata ta rage shanun nan ta huta, jiki ba na ƙarfe ba ne. Goggo ta ɗauki maganar mahauci da ta Auta ta haɗa su wuri ɗaya a zuciyarta ta adana.

Kyalla ta haihu lafiya, 'yar maraƙa mace. Kwanakin farko madara ta yi ta zuba har bokiti ɗaya ba ya isa. Sai kuma abu ya fara sauyawa. A zuba mata dusa ta shinshina ta kau da kai, ita da a da take ture 'yan uwanta. Sai dai ta tsinci busasshiyar ciyawa kaɗan-kaɗan. Ta koma lasar bango da turken ƙarfe. Kashinta ya bushe ya yi tauri, madara ta ja baya, naman jikinta kuwa ya riƙa zubewa har haƙarƙari suka fara bayyana. Goggo ta taɓa kunnenta, babu zazzaɓi. Ta lalube hantsa, babu zafi babu kumburi. Ta duba kofato, ta duba ido, ba ta ga komai ba. Hankalinta ya tashi matuƙa, don ba ta saba da ciwon da ba ta iya gani ba.

Daga ƙarshe ta kama leɓen saniyar ta buɗe bakin don ta duba harshe. Kyalla ta huro mata numfashi a fuska. Goggo ta ja da baya. Wani wari ne mai kaifi, mai ɗan zaƙi-zaƙi, wanda ba na ciyawa ba ne, ba na ruɓa ba ne, ba na wani abu da ke cikin rumfar nan ba ne. Kuma ta san shi. Ta yini tana neman inda ta san shi, ya ƙi zuwa. Ta shinshina madarar da aka tatsa, ta ji shi sama-sama a ciki.

Da yamma Auta ya iso kai tsaye daga gareji, da rigar aikinsa mai ɗige-ɗigen fenti. Ya gifta ta gabanta a ƙofar rumfa yana tambayar jikin Kyalla. Iskar rigarsa ta bugi hancinta, sai ta tsaya cak. Warin tina ne, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da wanke hannu da shi. Shi ne a rigar Auta, shi ne a bakin Kyalla.

Ta zauna a kan buhu tana kallon bayansa yana tatsa, lissafi kuwa yana haɗa kansa da kansa. Ya fara da rage abinci, bai yi nasara ba. Ya kawo mahauci ya ga kaya. Ya ce ta sayar, ta ƙi. To saniyar da ta rame ta daina madara, me ya rage mata in ba wuƙa ba? Babu inda lissafin ya yi gibi, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta so ƙwarai a ce ya yi gibi. Yaron da ta goya a bayanta, wanda ta cire wa ƙaya a ƙafa, shi ne yau zai ɗura wa dabbarta guba don abokinsa ya samu nama da araha. Ta yi kuka a bayan famfo inda ba zai gani ba, ta wanke fuska, ta fito a murtuke.

Washegari ta bari sai da mai karɓar madara ya iso da kekensa da garewaninsa na ƙarfe, don tana son shaida. Sannan ta kira Auta.

"Zo nan. Ajiye bokitin."

Ya zo yana goge hannu. Ta kama leɓen Kyalla ta buɗe.

"Shinshina."

Ya sunkuya ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Yanzu shinshina hannun rigarka."

Ya ɗaga hannu ya kai hanci. Ya sake sunkuyawa ga saniyar. Mamaki ya kama shi da gaske, kuma da yake bai iya ƙarya ba sai ya faɗi abin da ya ji.

"Wallahi iri ɗaya ne. Yaya aka yi haka?"

"Ni za ka tambaya? Ni nake fenti?"

Sai a lokacin ya gane inda maganar ta dosa. Ya dube ta, ya dubi mai karɓar madara wanda ya sunkuyar da kai yana ta gyaran murfin garwa da ba ta buƙatar gyara.

"Yaya, ni?"

"Ka gaya wa abokinka ya daina wasa wuƙarsa. Ko mushe ta zama ba zai ci ba."

"Yaya, ni kike nufi? Ni?"

"Hanci ba ya ƙarya, Auta."

Bai yi musu ba, bai rantse ba, bai ɗaga murya ba. Ya wanke bokitin da ya fara amfani da shi ya kife a inda ake kifewa, ya tura babur ɗinsa har waje kafin ya tayar. Goggo ta ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi.

Kwanakin da suka biyo baya sun ba ta wuya. Ta zauna tatsa da yatsunta karkatattu, shanun suna harbi don ba su saba da jan da take yi musu ba, kafin ta gama rana ta ɗaga har madarar farko ta fara canja ɗanɗano. Duk da haka ta daure, tana cewa gara wahala da cin amana. Ta kuma zuba ido tana jiran mahauci, ta tanadi maganganun da za ta jefa masa tun daga bakin ƙofa. Mahauci bai zo ba, bai kuma aiko ba.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne warin. Ta sa rai tunda mai kawo shi ya daina zuwa zai gushe. Maimakon haka sai ƙaruwa ya yi, har tana jinsa daga bakin rumfa, har a fitsarin saniyar. Wani zai tsaya nan ya sake tunani, amma ba Goggo ba. Cewa ta yi lallai yana haurowa ta katanga. Ta ɗebo yashi ta baza a gindin katanga da kewayen rumfa, ta share shi sumul da tsintsiya. Da gari ya waye ta fito ta duba. Sawun ƙadangare ne da na kyanwar maƙwabta, sai nata na jiya a gefe. Ta sake sharewa, ta sake dubawa, haka dai. Kyalla kuwa ta fara tangaɗi idan za ta tashi.

Dole ta nemi likita, amma ba waccan da ta zo allura ba, don a wajenta wannan ta Auta ce. Ta sa mai karɓar madara ya samo mata wani daga can ɗaya gefen gari, dattijo mai sanƙo da magana a hankali. Ta ƙudurta ba za ta gaya masa komai ba, ta ga iyakar saninsa. Ya zagaya saniyar, ya danna gefen cikinta, ya sa mata abin awon zafi, sannan ya kai hancinsa kusa da bakinta ya gyaɗa kai.

"Kin ji tana wari kamar tina, ko ruwan goge janfarce?"

Goggo ta dube shi da sauri. Ta ce, "Na ji."

"Ta yi ƙiba sosai kafin ta haihu, ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Fatarta. Dubi yadda ta yi mata yawa."

Ya ciro wata 'yar na'ura irin wadda masu ciwon sukari ke gwada jini da ita, ya soki gindin wutsiyar Kyalla ya ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke, ya nuna mata lambar da ta fito. Ya ce sukarin jininta ya yi ƙasa. Ya sauya tsinke ya sake ɗigawa, ya ce wani abu kuma da bai kamata ya yi yawa ba ya hau sama. Goggo ta ce ita lamba ba ta gaya mata komai, a gwada wata saniyar ta gani. Dattijon bai ji haushi ba, ya gwada ta kusa da ita, ya ajiye mata sakamakon biyu ta kwatanta da idonta. Bambancin ba ya buƙatar karatu.

Ya zauna a kan kujerar tatsa ya yi mata bayani. Ya ce madara da sukari ake haɗa ta, kuma saniya ba ta samun sukari kai tsaye daga abinci kamar mutum, hantarta ce ke ƙera shi daga abin da tumbi ya sarrafa. Da zarar ta haihu, hantsa za ta fara zuƙe sukarin jini ba ji ba gani, ba ruwanta da ko uwar ta ci ko ba ta ci ba. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, sai jiki ya koma narkar da kitsensa don ya cike gibin. Kusan kowace saniya mai madara da yawa tana ɗan taɓa wannan hali ta wuce shi. Amma wadda ta haihu da kitse jibge, ita ce ba ta da marmarin ci, ita ce kuma ke da kitse mai yawa da zai narke lokaci ɗaya ya taru a hanta. Hanta ta kasa ƙone shi duka, ragowar ya zama wasu sinadarai da ke bin jini su fita ta fitsari da madara da numfashi. Ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne ainihin abin da ke cikin tinar masu fenti.

Goggo ta dubi saniyar. Ta ce, "In kuma wani ne ya ɗura mata tinar fa?"

"Da kin ga bakin ya saɓule, da kuma warin ya tafi tuntuni. Hajiya, wannan daga cikinta yake fitowa. Ita ke haɗa shi da kanta." Ya rufe jakarsa rabi, ya ƙara da cewa, "Ba a gaya muku ku rage mata hatsi kafin haihuwa ba? Wa ke ba ta abinci?"

Goggo ta ce rana ta yi zafi, bari ta kawo masa ruwa. Ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Dattijon ya ɗaura wa Kyalla ruwan sukari ta jijiyar wuya, ya bar wani magani mai kauri da za a riƙa ɗura mata ta baki, ya ce a ba ta ciyawa mai kyau iya cinta, dusa kuma a dawo da ita sannu a hankali. Kafin mako ya zagayo ta fara tuƙa, ta daina lasar bango. Wata safiya ta sa baki a kwami ta cinye abin da aka zuba. Goggo ta kai hancinta, sai warin ciyawa kawai. Ta yi tsammanin za ta yi murna, amma abin da ta ji kunya ce mai nauyi da ba ta taɓa jin irinta ba.

A ranar ta yafa mayafi ta nufi garejin Auta, wurin da ba ta taɓa takawa ba duk shekarun nan. Ta tarar da motoci an lulluɓe gilasansu da tsofaffin jaridu, injin iska yana ta gurnani, hazon fenti yana tashi, warin nan ya cika ko'ina. Ya hango ta, ya kashe injin, ya sauke ƙyallen da ya rufe hanci da shi, ya zo ya rusuna ya gaishe ta kamar kullum.

Ta ce, "Kyalla ta ci dusa yau."

"Alhamdu lillahi."

"Likita ya ce daga cikinta ne."

"Na ji. Mai karɓar madara ya biyo ya faɗa min."

Ta tsaya tana murza bakin mayafi. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Ni ce nake ƙara mata abinci da rana bayan ka tafi. Na zalunce ka, Auta. Ka yafe min."

Idonsa ya kawo ruwa, ya kau da kai. "Haba Yaya. Ke kika raine ni. Ya wuce wallahi. Gobe ina nan zuwa."

Ta koma gida da sauƙin zuciya, tana cewa a ranta ashe abin bai kai yadda ta ji tsoro ba.

Ya zo kamar yadda ya ce. Sai dai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama ya jira aka amsa, shi da ko ƙwanƙwasawa bai taɓa yi ba. Rigar jikinsa wankakkiya ce mai ƙamshin sabulu, ta aikin kuwa tana ƙulle cikin leda a kan babur a waje. Da suka isa rumfa ya cika kwanon awo ya ɗago shi daidai idonta.

"Kin gani, Yaya?"

"Na gani. Zuba mana."

Ya zuba. Ya ɗauko kwalbar maganin Kyalla, ya nuna mata murfin a rufe yake kafin ya buɗe. Ya karkata bokiti ta ga cikinsa babu komai.

Ta ce, "Auta, ba sai ka nuna min ba."

"Gara dai ki gani. Hankalin kowa ya fi kwanciya."

Babu fushi a muryarsa, babu gori. Da akwai, da ta san yadda za ta yi da shi. Ta ce a ranta kwana biyu ne zai saki jiki. Kwanaki suka tafi, Kyalla ta mayar da jikinta, maraƙar ta fara cin ciyawa, Auta bai fasa zuwa ba safe da yamma, bai kuma fasa ɗaga kwanon awo ba.

Wata safiya da ya zauna ƙarƙashin Kyalla, madara ta fara sauka a bokiti tsirit-tsirit, Goggo ta yi wata dabara. Ta ce bari ta ɗora ruwan shayi, ta juya ta shige kicin, da nufin ya ga ta bar shi shi kaɗai da shanun. Ta kunna wuta, ta kasa kunne. Ƙarar madara ta tsaya. Ta ce wataƙila gyara zama yake yi. Ruwa ya yi zafi, ya tafasa, shiru. Ta leƙa ta taga. Yana zaune a kan kujerar tatsa, ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwoyi inda kowa zai iya gani, yana kallon ƙofar da ta shiga.

Ta sauke butar, ta share idonta da bayan hannu, ta koma ta tsaya a bakin rumfa. Sai ya sunkuya ya ci gaba da tatsa.